Sabon Inji da Ƙwaryar Iya

Safiyar wata Alhamis ce a farkon daminar 1955, ina da shekara tara, muka fito da kakata Iya ƙofar gida domin a mayar da ita Kano. Tun yammacin Laraba aka ɗaure kayanta a bayan a-kori-kurar Babanmu: adudu, tabarmar kaba, buta, da ƙullin wake da daddawa da maƙwabta suka haɗa mata na tsaraba. Inna ta shimfiɗa mata bargo a kujerar gaba, ta tokare mata baya da matashi, matan unguwa kuwa suka leƙo ta kan zana suna yi mata Allah ya kiyaye hanya. Baba ya naɗe hannun riga, ya zura ƙarfen tayar da mota ta hancinta, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Injin ya kama, ya yi tari, ya saki wata ƙara ta salansa wadda ta watsa kajin unguwa, sannan ya shiga ɗingishi, motar duka tana karkarwa. A haka muka ja jiki har bakin tsamiyar da ke ƙarshen layinmu, nan ta shaƙe ta mutu. Samari suka turo mu muka dawo, aka sauko da Iya a hankali, aka mayar da ita ɗakin da ta yi wa sallama ɗazu. Ni ta kalla ta ce, "Rakiya, ki bar min butar a waje, gobe ma rana ce."

Mu mutanen Kano ne, zaman Potiskum na ɗan lokaci muka ɗauke shi. Baba yana kawo goro da atamfa, ya koma da wake da fatu, da ya ga hanyar tana cin ransa sai ya kama gida a gefen gari, wajen da yanzu ya zama tsakiyar Dogo Nini, ya ajiye mu da niyyar in ya ɗan tsaya da ƙafarsa mu koma. Iya ta zo ne sunan ƙanena a cikin bazara, da nufin ta yi 'yan makonni ta juya. A wannan zuwan ne tsohon injin motar ya buga, dab da shiga gari, ya fashe ta yadda ba mai iya ɗinke shi. Kafin a san abin yi kuma ciwo ya sauko mata. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta, tuwon da take ci bai fi na yaye ba. Ita ta san abin da take ji a jikinta, ba ta kuma ɓoye ba. Buri ɗaya ya rage mata, ta koma ɗakinta na Kano, ta cika a can, a kwantar da ita kusa da mijinta da mahaifiyarta. Baba ya samo mata gaban wata babbar mota mai zuwa Kano, ta ƙi ƙememe. Ta ce ba ta haifi mai mota ba sannan ta je tana roƙon ɗan wani ya tsaya mata a hanya duk lokacin da jikinta ya matsa.

Wannan maganar ma ni ta gaya wa, ni na kai. Baba ɗan fari ne, Iya kuwa irin matan da ne masu riƙon kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita ta juya fuska ga bango ta amsa a ciki-ciki. In tana da magana sai ta ce, "Ki gaya wa mai motar." Shi kuma ya ce, "Ki faɗa wa Iyarki." Inna suruka ce, tata kunyar ta ishe ta, saboda haka duk maganar da ke tsakanin uwa da ɗa a gidan nan ta bakina take bi. Da farko abin ya yi min daɗi, ina ji da kaina. Ni ce kawai nake iya zama a tabarmar Iya ina tsokanarta, in ce ta tsufa ta ƙi yarda, ta ce ni ƙazama ce mai kai kamar tsintsiya, ba mai kwasata.

Sabon injin, wanda a gaskiya ya girmi tsohon, Baba ya samo shi ne a jikin wata motar soja da ta daɗe a yashe bayan wani kanti. Malam Gimba ne ya yi aikin, wani mutumin wajen Fika da ya koyi gyaran mota a soja lokacin yaƙi, gajere, mai fama da taba a leɓe. Ranar da za a ɗora, an turo motar ƙarƙashin tsamiya, aka rataya sarƙa a reshe, ƙarti suka ja, mu yara muka kewaye muna kallon ƙarfe yana lilo a sama yana ɗigar baƙin mai. Sai dai injin ya fi gidan da aka sa shi girma. Aka yi ta sara da huda har ya zauna, amma murfin gaba ya ƙi rufuwa. Dole aka ɗaure shi da igiya, aka bar wata kafa ta gefe wadda hannun babba zai shige. Daidai ƙarƙashin wannan kafar wani baƙin ƙoƙo yake, mai wayoyi shida a ka, wanda Malam Gimba ya ce shi ke raba wa fulogai wuta, kowanne a kan lokacinsa. A tsohon injin, ƙoƙon nan yana can ƙasa a ɓoye, ba wanda ya taɓa damuwa da shi.

Abin da ya kulle wa kowa kai shi ne, da rana motar ba ta da laifi. Bayan azahar, in ƙasa ta ɗauki zafi, Baba ya murɗa sau ɗaya ta tashi, su hau da Malam Gimba su yi wajen ƙauyen Mamudo su dawo, inji yana tafiya sumul. Baba ya shigo da fara'a ya ce in faɗa wa Iya gobe da sassafe sai Kano. Gari ya waye, a fito da ita, a zaunar, injin ya koma tari da ɗingishi da harbi. Aka kwance fulogai aka kankare bakinsu, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfe ana duba tartsatsi. Aka bi wayoyin nan shida aka tabbatar kowace tana gidanta, don in an sa wata a gidan wata inji rikicewa yake yi. Aka aro kwayil mai ƙara wa wutar ƙarfi, aka sauya batir, aka wanke kafireto mai haɗa fetur da iska, aka busa shi da baki har Baba ya yini yana tofar da yawu mai warin fetur. Aka matsa lokacin wuta gaba, aka dawo da shi baya. Daga ƙarshe suka ɗora laifin a kan raɓar damina, Baba ya samo tamfol ya riƙa lulluɓe motar tun magariba. Bai hana komai ba. "Wannan mota ba shi da ciwo da rana," in ji Malam Gimba da irin Hausarsa. "Da safe ne yana hauka."

Gidanmu ya zama kamar tasha. Ba a kwance kayan Iya ba, don kwancewa na nufin an fid da rai, sai dai a shigo da su zaure in hadari ya taso, a mayar da yamma. Inna ta riƙa soya guzuri, mu cinye shi da rana, ta sake soyawa, har ta daina yi wa kowa magana in tana gaban murhu. Baba ya daina fita ko'ina sai masallaci, yana zaune a kan dutsen ƙofar gida ya yi tagumi, hannuwansa baƙi ƙirin. Ni kuwa aka ɗaure ni a tsakani. Ina jiyo ƙawayena suna carafke a inuwar katanga, da yamma ina jiyo tafin gaɗa daga dandali, amma ba halin in je, don ko ɗiban ruwa na tafi rijiya sai an aiko a kira ni, Iya tana da saƙo. Yaran maƙwabta suna bin iyayensu gona ana shukar gero da gyaɗa, suna dawowa da ƙafafu jajaye da taɓo da labarin gafiyar da aka kora, ni ina tsugune ina riƙe da kwanon da ake zuba ƙusoshi. Na tsani motar nan, na tsani warinta, har Kano ɗin da ban gama tunawa da ita ba na ji na tsana.

Akwai abin da ni da Iya muke yi kullum, wanda ban taɓa ɗauka yana da alaƙa da fulogi ko waya ba. In Baba ya fita sallar asuba, ita ma ta idar da tata a zaune, sai ta sa in zubo mata ruwa a wata 'yar ƙwarya. Ta daɗe tana addu'a tana tofawa a ciki, sannan ta dafa kafaɗata, sanda a ɗaya hannun, mu lallaɓa har wajen motar. Ta ɗaga gefen tamfol, ta yi bisimilla, ta kwarara ruwan a kan murfin gaba, ta shafa sauran a ƙofar direba. Haka take yi tun ranar da Baba ya sayi mota, duk safiyar da zai kama hanya daga Kano, a ɓoye, don kunya ba za ta bar ta ta nuna ta damu da shi ba. A da ruwan gangarewa yake yi ƙasa. Yanzu kuwa sai ya bi ta kafar nan da aka bari, ya sauka a kan baƙin ƙoƙon.

Malam Gimba ne ya fara zargi. Wata safiya ya zo da wuri, ya cire ƙoƙon, ya kifa shi a tafin hannu, ruwa ya ɗigo. Ya nuna wa Baba wata siririyar tsaga a gefensa, ya ce, "Raɓa ba ya shiga haka ƙarƙashin tamfol. Wani yana ba shi ruwa." Kashegari Baba ya yi sallarsa a zaure, ya tsaya a bayan ƙyaure. Na gan shi lokacin da muke dawowa, Iya tana haki a kafaɗata, ƙwarya a hannuna. Ita ba ta gan shi ba. Ban taɓa ganin fuskar babba ta yi haka ba, kamar zai yi dariya, kamar zai yi kuka, ya sunkuyar da kai har muka wuce.

Sai da rana ta ɗaga ya kira ni. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya ce, "Ki faɗa wa Iyarki, na gode da addu'a, Allah ya saka. Amma wannan injin ba ya son ruwa a ka. Ko za ta zuba a taya."

Na kai. Kunya ta kama Iya cewa ya gani, sannan kunyar ta juye ta zama zuciya. "Ki gaya wa mai motar, shekara nawa yana bin dajin nan ba ko ƙwarzane, yana tsammanin iya tuƙinsa ne? A taya, wai. In za a yi wa yaro tofi, a tafin ƙafa ake yi masa?"

Baba ya yanko fata ya toshe kafar, ya naɗe ƙoƙon da robar tsohon tiyub, ya liƙe tsagar da kakin zuma. Ya aika a sayo sabon ƙoƙo ta hannun wani direba, direban ya tafi bai dawo ba. Sai dai saƙon da na kai ya riga ya koya wa Iya inda ciwon motar yake, ita kuwa a saninta inda ke ciwo nan ake sa magani. Da asuba ta sa bakin sandarta ta ture fatar, ta leƙa, ta tambaye ni ko wannan baƙin ne mai wahalar da bayin Allah, sannan ta juye masa ƙwaryar gaba ɗaya. Na ce mata Baba ya hana. Ta ce, "Ke rufe min baki, ni na haife shi ko shi ya haife ni?" Kakin ya narke tun gwajin jiya, robar kuma ta riƙe ruwan a ciki, ranar ko tari motar ba ta yi ba.

Daga nan muka shiga tsaka mai wuya. In ta zuba ruwa, mota ba ta tafiya. In ba ta zuba ba, ita ba ta hawa, don ta rantse ba za ta sa ɗanta a hanyar damina cikin ƙarfen da ba a yi wa addu'a ba. Baba kuwa ba zai iya ɗaukar tsumma ya goge addu'ar uwarsa tana zaune a kujerar gaba tana kallo ba. Ya roƙi limamin unguwa ya yi mata magana, liman ya zo ya ce addu'a ko daga ɗaki aka yi tana isa, ta ce haka ne malam, ta gode, washegari ta ci gaba da abinta. Ni haushi ya ishe ni. Mutum biyu manya, zana ɗaya ce tsakaninsu, kowa yana jin tarin kowa, amma sai an wahalar da ƙafata. Na riƙa rage wa saƙonni zafi a hanya, wani lokaci in ƙara musu, ko ɗaya bai yi amfani ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duk su biyun abu ɗaya suke yi, kowa yana tsare ran ɗan'uwansa ta hanyar da ya iya.

Sau ɗaya muka gwada tafiyar rana. Aka bar injin ya bushe da kansa, bayan azahar aka fito da Iya cikin zafin da ke sa ta haki, motar ta tashi lafiya, muka fita gari. A wancan zamanin hanyar ta ƙasa ce, in an yi ruwa sai a sauke shinge, ba motar da za ta wuce sai ta tsane. Muna isa muka tarar an sauke, an yi ruwa a gaba wajen Azare. Manyan motoci sun yi layi, direbobi suna kwance a ƙarƙashinsu. Baba ya je ya roƙi mai shingen, ya nuna masa tsohuwar, mutumin ya tausaya amma ya ce ba shi da iko. Muka zauna a nan har la'asar ta yi sanyi, Iya tana kallon hanyar da ta miƙe yamma bayan sandar shingen, wani sabon hadari yana haɗuwa a kanta. Da muka juyo, ta riƙe hannuna, na ji nata ya yi sanyi, ba nauyi.

Bayan wannan fitar ba ta ƙara samun ƙarfi ba. Wata asuba na zubo ruwa a ƙwarya kamar kullum, na tarar da ita a jingine, ta yi sallarta da ishara. Ta karɓa ta yi addu'a, ta yunƙura za ta tashi, jikin ya ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma. Ta ce in ajiye ƙwaryar nan kusa da ita, in an jima. Ba ta ce in je in zuba ba, don a wurinta wannan aikin uwa ne, ba a aike. Baba bai san abin da ke ciki ba. Ya dawo daga masallaci, ya yaye tamfol, ya murɗa sau ɗaya, injin ya tashi. Sararin sama tas, kwana biyu ba a yi ruwa ba, ga mota tana ruri a hankali ba tari ba harbi, irin muryar da muka yi makonni muna roƙon Allah mu ji da safe. Na ga ya tsaya da ƙarfen a hannu yana saurare, murna ta fara hawa fuskarsa, sai kuma ta sauka. Ya leƙa ta kafar, ya taɓa ƙoƙon, ya ji shi a bushe. Ya yar da ƙarfen ya nufi cikin gida, ya bar motar tana aiki.

Ya durƙusa a bakin ƙofarta inda ya saba. Iya ta juya fuska ga bango inda ta saba. Ana jiyo injin har cikin ɗakin.

"Ki faɗa wa Iyarki mota ta tashi," in ji shi. "Hanya a buɗe take. In ta yarda in ɗauke ta a hannu in kai ta."

Ban maimaita ba, ta ji. Ta daɗe tana sauraron ƙarar, sannan ta ce, "Ki gaya wa mai motar na ji, ya iya gyara, Allah ya yi masa albarka. Ki ce ya kashe ta haka nan. Kano ta yi min nisa."

Shi ma ya ji, bai jira in kai saƙon ba. Baba ya tashi ya fita, jim kaɗan ƙarar ta ɗauke, gidan ya yi tsit. Da yamma Inna ta sa aka shigo da adudun, ta kwance igiyar da kanta.

Iya ta rasu kafin gero ya fid da kai, aka binne ta a Potiskum, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Motar ta yi wa Baba shekaru tana zuwa Kano tana dawowa, ba ta ƙara yin wannan ciwon ba, amma maganar mu koma gida bai sake tayar da ita ba. In 'yan'uwa suka matsa masa, sai ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a baƙon wuri ba. Ya sayi gidan da muke haya, nan na yi aure, nan na haifi 'ya'yana, shi ma nan aka kai shi kusa da ita.

Yanzu hanyar kwalta ce, ba shinge, ba mai jiran ƙasa ta tsane. Jikokina suna karya kumallo a nan su yi azahar a Kano, motocinsu da ɗan yatsa ake tayar da su, injin a rufe ruf, ko a bakin famfo aka wanke shi ba ruwansa. Ɗan farina yana zama a gefen gadona mu yi hira ido da ido, in kama sunansa ba abin da ya dame ni, in zai yi tafiya in yi masa addu'a a fili ya ce amin. Na san wannan ya fi sauƙi, ba kuma zan ce a koma wancan ba. Amma wani lokaci in na ji mota ta tashi da sassafe ba gardama, sai in tuna mutum biyu da suka so juna iyakar so, suka rasa bakin faɗa sai na yarinya 'yar shekara tara. In an tambaye ni garinmu, nakan ce Potiskum, a nan kakata take.